Kai, waya da kaye: wa za mu ba ajiya?

(Jawabin da wani ma'aikacin yaƙi da jahilci ya yi ma manya masu koyon karatu. Mun buga shi domin a karanta cikin aji, a kuma karanta ma mutanen gida.)

  

Yau maganar mantuwa za mu yi. Na ga wasu sun fara dariya, kowa yana duban maƙwabcinsa. A bar duban maƙwabci. Babu wanda ba ya mantuwa a nan wurin, har da mai gari, har da liman.

Mace tana bakin murhu. Ta tashi ta shiga ɗaki ɗauko kanwa. Tana shiga sai ta tsaya tana dube-dube: "Mi ma na zo ɗauka?" Sai ta koma bakin murhu, ta ga tukunya, ta tuna. Wanga ba tsufa ba ne, ba kuma aikin aljannu ba ne. Wani malamin jami'a a Amurka, Gabriel Radvansky, ya gwada abin a 2011. Ya ga mutum ya fi manta abin da ya ɗauko cikin kansa in ya ƙetare ƙofa, bisa ga in ya yi tafiya mai tsawo ɗaya cikin ɗaki guda. Kamar dai kai yana rufe maganar waje, ya buɗe ta ɗaki. Abin ya fi samun wanda tunani ya yi ma yawa. Maganinsa da sauƙi: ki tafi kina faɗi da baki, "kanwa, kanwa". In yara sun yi dariya, su yi.

Irin wagga mantuwa ba ta kashe kowa. Akwai wadda ke raba zumunci, akwai wadda ke cinye kuɗi, akwai wadda ke maida yaro likita. Su nike so mu duba.

Kai yana yoyo

Mu muna ɗaukar kai kamar rumbu: abin da ka zuba da kaka, shi za ka iske da bazara. Kai ya fi kama da tulu mai tsaguwa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna yoyon nan, ya buga abin da ya samu a 1885. Ya riƙa hardace ƴan gaɓoɓi marasa ma'ana, yana gwada kansa. Bayan awa guda, fiye da rabi ya zube. Bayan kwana guda, kusan kashi 2 cikin 3 sun tafi. Bayan wata guda, wajen kashi 1 cikin 5 ya rage.

Ku lura da kyau: yoyon ya fi ƙarfi a ranar farko. Shi ya sa malaminku ke matsa muku ku buɗe kaye da dare, ko da ƴan mintoci ne, ku sake dubawa washegari, ku sake bayan kwana uku. Bita kaɗan-kaɗan cikin kwanaki ta fi zama ɗaya mai tsawo. Malaman allo sun san haka tun tuni, shi ya sa almajiri ke tilawa kullum. Kada wanda ya manta baƙaƙen jiya ya ce kansa ya bushe, karatu sai yara. Kansa lafiya lau yake. Bita ce bai yi ba.

Mu biyu, kowa da gaskiyarsa

Yanzu ga babbar magana. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da damina ka je wurin ɗan'uwanka, ya auna maka hatsi. Kaka ta yi, ka kawo biya. Kai ka ce tiya 12 ce. Shi ya ce 15. Ka rantse, ya rantse. Mutane suka taru, kowa yana cewa cikin ransa: lalle ɗaya maƙaryaci ne.

To, iyayena, sau da yawa babu maƙaryaci cikinsu. Kai ba ya tsaya ga zubar da abu ba, yana cike gurbin da abin da ya ga dama, mai shi bai sani ba. Duk lokacin da ka tuna wani abu, sake gina shi kake yi, kamar yadda ake yaɓe ɗaki bayan ruwa. Yau a ƙara laka nan, baɗi a ƙara can, har ɗakin ya sake kama. Wanda ya ba da bashi yana tuna yadda ya cika tiya har tana zuba. Wanda ya karɓa yana tuna yadda hatsin ya ƙare da wuri. Kowa kansa yana gyara lissafi ta wajen da ya fi masa daɗi.

Wata malama a Amurka, Elizabeth Loftus, ta nuna haka a 1974. Ta nuna ma mutane hoto mai motsi na haɗarin mota. Ta tambayi mutum 50 gudun motocin sa'ad da suka bugi juna. Ta tambayi wasu 50 gudunsu sa'ad da suka ragargaza juna. Kalma guda kawai ta sake. Bayan mako guda ta tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin na farko, 7 suka ce sun gani. Cikin na biyu, 16. Alhali babu gilashin da ya fashe cikin hoton. Kalma guda ta sa mutane sun tuna abin da idonsu bai taɓa gani ba. In kalma guda ta yi haka cikin mako, ina ga wata biyar na gunaguni, matarka tana cewa "ai bai kai haka ba", tasa tana cewa "ai ya fi haka"?

Kakanninmu ba su yarda da kai shi kaɗai ba. Mai fura tana jan layi da gawayi a bango. Tsohuwa tana ƙulla bakin zane. Ana kiran shaidu. Dabaru ne masu kyau, amma ruwa yana wanke gawayi, ƙulli ba ya faɗin ko na mine ne, shaida kuma yana tafiya cin rani ko ya rasu. Malamai suna nan zaune, sun san ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Yadda za a rubuta ba wuya. Suna, abin da aka karɓa, yawansa, rana, da lokacin biya. A rubuta nan take, gaban juna, kamin a tashi. Wanda ya karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In duka biyun suna da kaye, kowa ya rubuta cikin nasa. Na san abin da ke hana mu: kunya. "Don tiya goma za ka rubuta ni, kamar ba uwa ɗaya ta haife mu ba?" Ni a ganina mai karɓa ya kamata ya fara cewa a rubuta. In shi ya nema, kunya ta faɗi, mai bayarwa kuma za ya ƙara sakin jiki da shi.

Haka nan kuɗin da ake ɓoyewa. Mutum ya nemi wurin da ɓarawo ba za ya taɓa tunani ba, ya ce ai wuri irin wanga ba a manta shi. Shi ne kuwa aka fi mantawa, domin ba abin da ke haɗa kuɗi da wurin. Bayan shekara a iske gara ta yi rabonta.

Lambobin da ke cikin waya

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. Yau ko ƙauyen da babu lantarki za ka iske mai cajin waya da farantin hasken rana. Ta yi mana rana ƙwarai. Ana jin kuɗin hatsi a kasuwar Maradi ko ta Damagaram ba a hau mota ba. Ana jin muryar ɗa yana Legas ko Abijan.

Amma in tambaye ku. Wa ya san lambar matarsa da ka? Wa ta san lambar ɗanta da ke cin rani? Hannuwa kaɗan nike gani.

Akwai dalili. Abin da kai ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne. A 1956 George Miller ya ce wajen abu 7 ne. Masana na baya sun ce ya fi kusa da 4. Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce, ta fi ƙarfin kai in an jero ta ɗaya-ɗaya. Shi ya sa muke faɗinta bibbiyu, ta zama guntu 4. Dabara ce muke yi ba mu san dabara ba ce. Sa'an nan, kai malalaci ne in ya san akwai mai riƙe masa. A 2011 wata malama, Betsy Sparrow, ta sa mutane su rubuta wasu maganganu cikin kwamfuta. Waɗanda aka gaya ma cewa na'urar za ta ajiye, sun fi mantawa bisa ga waɗanda aka gaya ma za a goge. Haka muke da waya. Mun ba ta ajiya, mun juya baya.

Ran da ta faɗa rijiya, ko aka zare ta ran kasuwa, sai gida ya yi tsit. Kamfani yana iya maido maka da lambarka bisa sabon layi, in da sunanka aka yanke shi. Amma lambobin mutane da ke cikin tsohon layi ko cikin ƙaramar wayar da ta ɓace, ba ya iya maido su. Tsohuwa ta zauna tana jiran ɗanta ya kira. In shi ma ya sake layi can inda yake, shi ke nan, sai an sami mai zuwa.

Saboda haka shafin farko na kaye na lambobi ne. Suna a hagu, lamba a dama, bibbiyu, da manyan alƙaluma. Na ƙasashen waje a sa musu lambar ƙasa: Nijeriya 234, Gana 233, Kodebuwa 225, Benin 229, Libiya 218, Aljeriya 213. Tamu ta Nijar 227 ce, ita za a ba wanda ke waje. Lambar Nijeriya tana farawa da sifiri. In daga nan za a kira, a sa 234, a bar sifirin. Wanda ke da tsohuwar takarda ya duba: Kodebuwa ta maida lambobinta alƙaluma 10 a watan ɗaya na 2021, Benin ma ta yi haka a ƙarshen 2024. Tsohuwar lamba mai 8 ba ta shiga. Kada a ce yaro ya guje mu, alhali lambar ce ta ƙaru.

Lamba biyu kuma a hardace su da ka, kamar sunan uba: ta mutum guda na gida, da ta mutum guda na waje.

Ga wani tarko da ya shafe mu mu Hausawan Nijar. Mu da dala muke lissafi, waya kuwa da tamma, watau faran sefa. Dala guda tamma 5 ce. Dala ɗari, 500 ke nan. Jika guda, dala metan, 1000. In aka ce ka tura dala ɗari ka buga 100, dala ashirin ka tura. In saƙo ya shigo ka ga 500, kada ka ce dala ɗari biyar aka aiko, ka je kana rigima da mai shago. Dala ɗari ce. Daga dala zuwa abin da za ka buga, a ninka sau 5. Daga abin da waya ta nuna zuwa dala, a raba gida 5. Mu gwada. Dala ɗari uku, mi za mu buga? 1500. Madalla. Waya ta nuna 2500, dala nawa? Ɗari biyar, watau jika biyu da rabi.

Kada ku ce ina kushe waya. A 2009 da 2010, cikin ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram, an yi wani gwaji da ake kira ABC, tare da wata masaniya, Jenny Aker. Duk azuzuwan manya ne irin naku. Cikin rabinsu an koya ma ɗalibai aiki da ƙaramar waya: buga lamba, rubuta saƙo. Da aka yi jarrabawa, su suka fi sauran a rubutu da lissafi, kuma bayan watanni da rufe aji suna nan gaba a lissafi. Wanda ke rubuta saƙo kullum yana bita ne bai sani ba. To ku riƙa rubuta suna da kanku cikin waya, ku daina miƙa ma yaro.

Maganin yara

Iyaye mata, wagga taku ce, amma maza su saurara. Da damina ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin sauro na yara, daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Kowane zagaye na kwana 3 ne. Na ranar farko gabansu ake sha. Na rana ta biyu da ta uku hannunki ake bar ma. Lokacin kuwa noma ya yi zafi, ga kai abinci gona, ga ruwa, ga itace. Nan ake mantawa. Haka maganin zazzaɓi da likita ke badawa na kwana 3, safe da dare: yaro ya ji sauƙi a rana ta biyu, ya tashi yana wasa, sai a manta sauran. Ciwon bai gama mutuwa ba, yana iya dawowa.

Tuna abin da za a yi gaba ya fi tuna abin da ya wuce wuya, domin ba mai tambayarka. Sai a ɗaura shi ga abin da ba a mantawa. Ki ce: in na sallame sallar asuba, magani, in na sallame magariba, magani. Ki aje shi inda idonki za ya faɗa, sama, inda hannun yaro ba ya kai. Duk wanda aka sha, ki ja layi cikin kaye. Waya ma tana da ƙararrawa. Mai gida ya sa ta, shi ma ya ɗauki rabonsa na aikin.

Wane lokaci ake yanke shawara?

Kan da ba ya riƙe abu fiye da huɗu ko bakwai, da shi muke yanke shawara. In damuwa ta cika shi, wurin tunani ya ragu. A ƙasar Indiya an gwada manoman rake 464, an buga sakamakon a 2013. An yi musu gwajin kaifin tunani sau biyu: kamin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, bashi ya yi yawa, da bayan girbi, kuɗi sun shigo. Mutum guda, kai guda, amma ya fi ƙoƙari bayan girbi. Masu binciken sun ce tunanin rashi ne ke cinye wurin.

Mun san wanga lokaci. Watan 7 da watan 8, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Lokacin ne ake saida tunkiya mai ciki, ake jinginar da gona, ake cin bashin buhu guda a biya biyu. Ba na zargin kowa; yunwa ba ta jiran shawara. Abin da nike cewa shi ne, shawarar watan 8 a yanke ta tun da kaka, ciki cike, hankali kwance. Mai gida da uwar gida su zauna su ƙidaya dammuna. Nawa na ci, nawa na iri, nawa na saidawa, nawa ba a taɓawa sai ruwa ya zauna. In tilas ta zo, wace dabba za a fara saidawa? A rubuta. Ran da biki ya taso, ko dillali ya zo da zaƙin baki, a buɗe shafin a karanta da ƙarfi. Da wuya mutum ya ƙaryata rubutun hannunsa.

A kasuwa kuma ku yi hankali da kuɗin da aka fara faɗi. Wasu masana biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun juya wani faifai mai lambobi gaban mutane a 1974. Ga wasu ya tsaya kan 10, ga wasu kan 65. Sa'an nan suka tambaye su: cikin ƙasashe 100 na Majalisar Ɗinkin Duniya, nawa ne na Afirka? Waɗanda suka ga 10 suka ce wajen 25. Waɗanda suka ga 65 suka ce wajen 45. Lambar banza, wadda ba ta da haɗi da tambayar, ta ja su kamar akala. Dillalai ba su karanta wanga ba, amma sun fi kowa iya shi. Ya ce rago jika 90, ka yi ta ciniki har 70, ka koma gida kana murna ka karya shi, alhali ragon na 55 ne. Kamin ka fita, ka kira mutum biyu ka ji yadda kasuwa take. Ka tsaida kuɗinka, ka rubuta a ƴar takarda, ka sa aljihu.

Masu damfara ta waya su ma da gaggawa suke aiki. Saƙo ya shigo: ka ci kyauta, turo kuɗin buɗe ta yanzu-yanzu. Ko murya ta ce: na turo maka kuɗi bisa kuskure, maido mini kamin minti biyar. Ko: ɗanka yana hannun hukuma. Suna cika maka kai da tsoro ko kwaɗayi don kada ka sami wurin tunani. Sauri ya haifi nawa. Ka kashe wayar. Ka duba kuɗin da ke cikin asusunka da kanka. Ka kira ɗan naka bisa lambar da ke shafin farko. Ka nuna ma wani mai karatu saƙon.

Abu guda ne ba ya shiga kaye: lambar sirri ta kuɗin waya. Kaye yana yawo cikin gida, baƙo ma yana buɗe shi. Ita a kai za ta zauna, alƙaluma 4 kai yana iya su. Kada ta zama 0000 ko 1234, kada ta zama shekarar haihuwarka da ke bisa katin ɗan ƙasa. Kada a manna ta bayan waya. Wanda duk ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, a faɗa masa ita, ɓarawo ne. Ka maimaita ta yau da dare, gobe da safe, da bayan kwana uku, yadda muka ce.

Ga aikin gida. Kamin zama mai zuwa kowa ya zo da kaye, an cika shafin farko da lamba 5, da hannunsa, ko rubutun ya karkace. A shafi na biyu ya rubuta bashi guda, wanda yake bi ko wanda ake binsa, ya je ya karanta ma mai shi, su daidaita tun hatsi bai shigo ba. Wanda kayensa ya cika da darasi ya sayi ƙarami, ya sa shi cikin leda saboda ruwa da gara.